Akori-kura mai lantarki ko mai fetur: wacce ta dace da kai a Amurka?

Wata Juma'a bayan an idar da salla, wani ƙanena da muke zaune gari ɗaya a nan Columbus ta jihar Ohio ya biyo ni har inda na ajiye mota. Ya zagaya ta, ya leƙa bodi, ya sa na buɗe masa bonet, ya ga babu inji, sai akwatin kayan aikina da darduma. Ya ce, "Yaya, na ɗan tara abin da na tara, akori-kura nake so. In sayi irin taka, ko in tsaya a mai fetur?" Na ce masa, "Kafin in ba ka amsa, faɗa mini abu biyu. A ina motar za ta riƙa kwana, kuma me za ka riƙa ja da ita?" Ya yi shiru, don ya zaci zan fara da mil nawa take yi a caji ɗaya. Kowa da wannan tambayar yake farawa, ni ma da ita na fara. Sai da na ci rani da damina da hunturu da motar na gane cewa waɗancan biyun su ne ke yanke hukunci.

Sana'ata gyaran gidaje ce: fenti, tayil, aikin katako. Motata Ford F-150 Lightning ce mai babban batir. Zan kwatanta ta da sauran masu lantarki, sannan da mai fetur, musamman samfurin da ke haɗa inji da batir, domin ita ce abokiyar hamayyarta ta gaskiya.

Bari mu fara da ma'auni. Ana auna batir da kilowat-awa, wato abin nan da muke kira yunit idan mun sayi katin mita a gida. Ƙaramin batir na Lightning yana ɗaukar yunit 98, hukumar kare muhalli ta Amurka ta ba shi mil 240. Babban yana ɗaukar yunit 131, an ba shi mil 320, wajen kilomita 515 ke nan. Rivian R1T, wadda ta riga kowa shiga kasuwa a watan Satumban 2021, mai mafi girman batir tana kaiwa mil 420. Cybertruck ta Tesla tana wajen mil 325. Chevrolet Silverado EV ita ce giwa a cikinsu, batirinta ya kai yunit 200, kuma wani samfurinta na 2025 an ba shi mil 492. Waɗannan su ne lambobin da ke manne a gilashi a wurin dila.

A kan titi labarin daban ne. Akori-kura mota ce mai faɗin gaba da tsawo, iska take turawa kamar bango. A cikin gari, inda ake tafiya ana tsayawa, ina samun fiye da mil biyu a yunit ɗaya, wani lokaci har kusan biyu da rabi, saboda duk lokacin da na ɗaga ƙafa daga totur motar na mayar da wuta cikin batir. Amma da na hau babbar hanya ina gudun mil 70 zuwa 75 a awa, sai ta koma mil biyu ko ƙasa da haka. Mil 320 ya zama 250. Wannan kishiyar abin da muka saba da shi ne, don mai fetur a cikin gari take shan mai, a babbar hanya take sauƙi.

Sannan ba a amfani da batir tun daga cikarsa har ƙarewarsa. Idan kana tafiya mai nisa, za ka tsaya caji da sauran kashi 10 cikin ɗari, ka cire waya a kashi 80, domin daga nan cajin yana rage gudu ƙwarai, kashi 20 na ƙarshe yana iya cin lokacin da na baya duka suka ci. Ashe tsakanin tsayawa da tsayawa kashi 70 kawai kake da shi, wajen mil 175 a irin tawa. Daga Columbus zuwa Cincinnati, mil ɗari da 'yan kai, ba na ko duba allon. Zuwa Detroit, mil 200, ina isa idan na fito a cike. Zuwa Chicago kuwa, fiye da mil 350, dole in tsaya sau ɗaya, a hunturu sau biyu, kowace tsayawa minti 40 ko sama.

Hunturu ba wasa ba ne a nan. Injin fetur yana zubar da zafi a banza, da shi ake ɗumama cikin mota kyauta. Mai lantarki ba ta da wannan, daga batir take ɗebo wutar hita, ga shi batirin kansa yana yin sanyin jiki idan gari ya yi ƙanƙara. A watan Janairu nakan rasa kashi ɗaya cikin huɗu na tafiyata, ranar da sanyi ya yi tsanani har kashi ɗaya cikin uku. Dabarar da ke taimakawa ita ce ka saita mata lokacin fitarka, ta ɗumama kanta da batirinta tun tana haɗe da wutar gida. Ina fitowa da asuba in tarar gilashi ya narke, kujera da sitiyari da ɗumi, batir bai ragu ba. Wannan daɗin, wanda bai taɓa kankare ƙanƙara daga gilashi da hannu ba ba zai gane shi ba.

Tirela ita ce babbar magana, kuma a nan nake so mai karatu ya nutsu. Kamfanoni suna gasar faɗin nauyin da motocinsu ke ja: Lightning kilo 4,500, Rivian da Cybertruck kilo 5,000. Gaskiya ne, suna ja, kuma jan da suke yi ya fi na mai fetur laushi, babu canjin giya, babu kukan inji a kan hawa. Abin da ba a rubutawa da manyan baƙaƙe shi ne tirela mai nauyi ko mai tsawon kai tana raba tafiyarka biyu. Yunit ɗaya ya koma mil ɗaya.

Wani Janairu na ɗauko aiki a kusa da Cleveland, mil 145 daga gida. Na ɗaura rufaffiyar tirelata cike da tayil da siminti da injin yanka. Na fito da batir a cike, allo yana nuna mini mil ɗari biyu da wani abu. Ban yi tafiyar rabin awa ba lambar ta fara zubewa, duk mil ɗaya da na yi sai ta cire biyu. Wajen mil 90 na ratse wata tashar caji da ke bayan wani babban kanti. Injinan cajin a jere suke a jikin shinge, irin wurin da ƙaramar mota ke shiga da baya, ba a yi su don mota mai jan kaya ba. Sai da na zagaya can ƙarshen fili, na sa wa tayoyin tirela waigi, na murza jak da hannu har ta ɗaga, na cire sarƙoƙi biyu da wayar fitilu, safar hannuna ta jiƙe ta daskare. Na je na yi caji na kusan awa ɗaya, na dawo na yi ta baya-baya har ƙugiyar ta zauna daidai, na mayar da komai. Haka na sake yi a dawowa. Aikin da ya kamata in gama kafin La'asar, sai bayan Isha'i na shigo gida. Motar ba ta gaza ba, abin da lissafi ya ce shi ta yi. Amma daga ranar, duk aikin da ke buƙatar tirela kuma ya wuce mil 50 daga gida, sai na zauna da biro da takarda kafin in karɓa.

Mai fetur ma tana ninka shan mai idan tana jan tirela. Bambancin shi ne ita tana shiga gidan mai da tirelarta a ɗaure, minti biyar ta cika ta wuce. F-150 PowerBoost, wadda ke haɗa injin V6 mai silinda shida da ƙaramin batir, tankinta ya haura galan 30, tana yin wajen mil 23 a galan, kusan mil 700 ke nan idan ba ta ja komai. Ko an raba biyu, ta fi Lightning ɗin da ba ta ɗaura komai ba nisa. 'Yan'uwanmu masu sayo motoci a gwanjo su jawo su daga jiha zuwa jiha, ko su kai su tashar jirgin ruwa a Baltimore ko New Jersey, ba na ba su shawarar mai lantarki ko kaɗan. In ma sun nace, to Silverado EV mai babban batir kaɗai ke da abin cewa, don da yunit 200 tana iya jan kaya wajen mil 200, kuma tana shan caji da ƙarfin kilowat 350, ninki biyu na tawa. Kamfanin ya ce minti 10 yana ba ta mil 100. Kuɗinta da nauyinta kuma su ne farashin wannan.

Yanzu sai inda motar ke kwana. Caji iri uku ne. Soket ɗin bango na gidajen Amurka, mai bolt 120, yana ba da ƙasa da yunit ɗaya da rabi a awa. Dare guda ya ba ka mil 25, cika babban batir kuwa kwana huɗu. Na biyu shi ne layi mai bolt 240, irin wanda ake ja wa injin busar da kaya ko kukar girki. Idan ka sa caja mai amfiya 48 a gareji, tana ba da yunit 11 a awa, kafin gari ya waye ka sami mil 200. Wannan shi ne ginshiƙin zaman lafiya da motar. Ina dawowa in sa waya kamar yadda nake sa wa salula, da safe in cire. Sai in yi wata biyu ban taka wata tasha ba. Kuɗin jan layin ya danganta da gidanka: idan akwatin wutar yana kusa da gareji kuma yana da sauran ƙarfi, 'yan ɗaruruwan dala ne, idan tsohon gida ne mai amfiya 100 da sai an canja akwatin, ana maganar dubbai. Ka kira mai aikin wuta ya duba kafin ka je wurin dila, ba bayan ka dawo da mota ba.

Na uku shi ne cajin gaggawa na bakin hanya. Ya gyaru sosai tun daga watan Fabrairun 2024 da Tesla ta buɗe wa motocin Ford tashoshinta, Rivian ta biyo baya a watan Maris, motocin GM, kamfanin da ke ƙera Chevrolet, a watan Satumba. Da ɗan adafta kake haɗawa. Sai dai wayoyin tsofaffin tashoshin gajeru ne, bakin cajin Lightning kuma yana gefen direba ta gaba, don haka sau da yawa sai ka tare wurin mota biyu kafin waya ta kai.

Ga lissafin kuɗin, a kan mil 1,000 a wata. Mai lantarki za ta ci wajen yunit 500, da asarar da ake yi a caji mu ce 550. Idan kana biyan santi 17 a yunit a gida, dala 94 ke nan. Mai fetur zalla da ke yin mil 20 a galan za ta sha galan 50, idan galan yana dala 3, dala 150. Mai haɗin inji da batir wajen dala 130. Amma idan duk cajin a bakin hanya za ka yi, inda yunit ke kaiwa santi 50, kuɗin ya zama dala 250. Ka duba da kyau: mota ɗaya ce, tafiya ɗaya ce, amma ga mai gareji ita ce mafi araha a cikin ukun, ga wanda ba shi da wurin caji ita ce mafi tsada. Yawancinmu a gidajen haya masu hawa-hawa muka fara zama a ƙasar nan, mota tana kwana a fili ko a bakin titi. Mai irin wannan zaman, ban da tsadar, zai riƙa ba da awa biyu ko uku a mako yana zaune a bakin kanti yana jiran batir. Ina faɗa da babbar murya, kada ya saya tukuna.

Ko ga mai gareji, ribar ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba. Dala 56 a wata idan aka kwatanta da mai fetur zalla, 672 a shekara. A cire dala 200 da jihar Ohio ke karɓa duk shekara a kan motar lantarki saboda ba ta biyan harajin fetur, Texas ma haka take karɓa. A ƙara abin da ka tsira da shi na juyen baƙin mai da filogi da belt, ga birki da ke daɗewa don ba a cika taka shi ba. A sake cire taya, domin Lightning ta kai tan uku, Silverado EV mai babban batir ta kusa tan huɗu, ga ƙarfin fizga da ke sa ƙafa ta yi nauyi, tayoyi ba sa kai wa'adinsu. Inshora ma ka nemi farashi tun kafin ka sa hannu. Rangwamen haraji na dala 7,500 da gwamnatin tarayya ke bayarwa ya ƙare ranar 30 ga Satumban 2025. Idan don tsimin kuɗin mai kaɗai za ka sayi sabuwa dal, lissafin ba zai fita da wuri ba.

To me ya riƙe ni? Wuta. Motar tana fitar da kilowat 9.6 ta soket-soket da ke bodi da gaba, har da mai bolt 240. Ina shiga gidan da aka yanke wa wuta don gyara, in ja waya daga mota, injin yanka tayil da kwamfresa da fitilu su yini suna aiki, batir ya ragu da 'yan kashi kaɗan. Babu janareto, babu jarkar mai, babu hayaƙi, ina jin mai gida idan yana mini magana. Ranar da guguwa ta kayar da turakun unguwarmu, firij da injin ɗumama gida da fitilu a jikin motar suka kwana biyu, har maƙwabciyarmu tsohuwa ta kawo maganinta aka sa a firij ɗinmu. Ford ta ce cikakken batir yana riƙe matsakaicin gida kwana uku. Adalci shi ne in faɗa cewa PowerBoost ma tana ba da kilowat 7.2, kuma mutanen Texas sun ga amfaninta a sanyin Fabrairun 2021 da wuta ta ɗauke kwana da kwanaki. Ita dai injinta sai ya riƙa tashi yana mutuwa, ba a kuma barin ta a rufaffen gareji. Ga but ɗin gaba mai lita 400 da ke kulluwa, kayan aikina masu tsada a ciki suke, ruwa ba ya taɓa su, idon ɓarawo ba ya ganinsu.

A tsakanin masu lantarkin, zaɓin bai da wuya idan ka san aikinka. Rivian mota ce mai daɗin tuƙi, mai iya shiga daji, amma bodinta ƙafa huɗu da rabi ne, ta 'yan yawon shaƙatawa ce fiye da ta magina, kuma wuraren gyaranta ba su da yawa, ka duba nisan mafi kusa da kai. Cybertruck bodinta ƙafa shida, cajinta a tashoshin Tesla ba ya buƙatar adafta, amma siffarta ba ta karɓar yawancin katangun ɗora tsani da akwatunan da ake sayarwa don sauran akori-kura. Wasu samfuran Silverado EV suna da bangon da ke naɗewa tsakanin bodi da kujerun baya, dogon katako ya shige har ciki. Lightning kuwa F-150 ce kawai da aka cire wa inji, bodi ƙafa biyar da rabi, yawancin abin da aka ƙera wa bodin F-150 yana hawa kanta, dila kuma a kowane gari.

Akwai abin da dole mai saye ya sani. A watan Disambar 2025 Ford ta sanar da daina ƙera Lightning mai batir zalla, wadda ta fara a Dearborn ta jihar Michigan a Afrilun 2022, ta ce mai zuwa za ta ɗauki injin fetur da aikinsa kawai cajin batir. Ram, wata mai ƙera akori-kura, ita ma ta soke tata mai batir zalla a watan Satumba na wannan shekarar, ta koma ga irin wannan tsarin. Kamfanonin sun ga abin da na gani a hanyar Cleveland. Wannan bai sa motar da ke hannu ta lalace ba, garantin batir shekara takwas ne ko mil 100,000, kuma yana bin motar ko ta canja hannu. Darajar waɗannan motoci tana faɗuwa da sauri a shekarun farko, abin ciwo ga wanda ya saya sabuwa, amma alheri ga mai neman ta hannu. Da yau zan saya, 'yar shekara biyu ko uku zan nema, mai babban batir, in sa a auna mini lafiyar batirin, in ga takardun gyaranta.

Wasu suna tambayata ko za a iya aika irinta gida. Wutar Najeriya da Nijar mai bolt 230 tana iya cajinta, matsalar samuwar wutar ce da tsayuwarta. Janareto mai kilowat huɗu sai ya yi fiye da awa 30 yana aiki kafin ya cika batir mai yunit 131. Sola mai kilowat biyar a ranar arewa tana tara yunit 20 zuwa 25 a yini, tafiyar kilomita 70 ke nan, ya ishi mai zagaya gari ko mai zuwa gona kusa, amma ba mai Kano zuwa Abuja ba. Bakin cajin gaggawa na motocin Amurka ma ya bambanta da na Turai da na Sin. Sannan ranar da wata na'ura ta lalace a ciki, ba aikin da za a kai wa kowane gareji ba ne. Ita kanta Toyota da ta fito da Hilux mai lantarki a ƙarshen 2025, batir mai yunit 59 ta sa mata, don gajeren zango.

Ƙanen nawa ya ce a gidan haya yake, hawa na uku, motarsa a fili take kwana, kuma niyyarsa ya riƙa jawo motocin gwanjo daga Indiana da Pennsylvania. Na ce masa, "To ai ka ba kanka amsa. Nemi PowerBoost ta hannu mai lafiya." Ya ce, "Yaya, amma fa taka ta shiga raina." Na miƙa masa makulli ya zagaya unguwa sau biyu, ya dawo yana murmushi, muka tsayar da ranar Asabar za mu je mu duba wata mai fetur da ya gani a Dayton.